Jitar da jarumi ke rungumewa: Sirrin zaƙin ta na can ciki

A Karfi, kamar sauran garuruwan noma da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, idan kaka ta yi, an kai masara rumbu, an auna auduga, to lokacin kallo ya zo. A da gidan kallo a ke cika, a na jiran mai gida ya sa kaset. Yanzu kuwa waya ce a hannun kowa, samari uku ko huɗu su haɗa kai a kan benci su na bin fim mai dogon zango. Abin kallon ya canza, amma akwai wata fitowa da ta ƙi tsufa: ga jarumi zaune a kan dutse ko a gindin bishiya cikin lambu, ya rungume jita ya na yi wa budurwar sa waƙa, ita kuma ta na rausaya ta na amsawa.

Wanda ya taɓa riƙe jita ko da sau ɗaya ne zai lura da wani abu. Inda yatsun jarumin su ke daban, abin da kunne ke ji daban. Sautin ba daga wannan akwatin katakon ya ke fitowa ba. Tuni an buga shi a sutudiyo kafin ma a fita ɗaukar fim ɗin. Jitar ado ce kawai, kamar tabarau ko agogon hannu.

Ba 'yan fim ɗin Hausa ne su ka fara ba. Masu kallon Indiya ba su manta Zeenat Aman riƙe da jita a 'Yaadon Ki Baaraat' na 1973 ba, ga Mithun Chakraborty a 'Disco Dancer' na 1982, ga Hrithik Roshan a 'Kaho Naa Pyaar Hai' na shekarar 2000. Daga can a ka ɗauko salon. Sai dai a Bombay akwai makaɗin jita na gaske da ke zaune a sutudiyo ya na kaɗawa a madadin jarumin. A Kano kuwa, a shekarun da su ka biyo bayan 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, musamman bayan da 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya ya tashi kan kasuwa a 1999, fiyano ne ya mamaye komai. Fiyanon Yamaha ɗaya tal sai ya ba ka ganga, ya ba ka sarewa, ya ba ka jita. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin.

Babu mai musun cewa fiyano ya rufa wa industiri asiri. Ya rage kuɗi, ya rage jiran makaɗa. To amma jitar da ke cikin fiyano guda ɗaya ce. An ɗauki sautin ta sau ɗaya a masana'anta, an zuba cikin dubban injuna. Wadda a ka ji a sutudiyon Kano ita ce a Kaduna, ita ce a Jos. Jitar hannu kuwa ba a samun biyu masu murya ɗaya, ko da mutum ɗaya ne ya yi su a mako ɗaya. Dalilin ya na wani wuri da kyamara ba ta taɓa haskawa ba, wato ƙarƙashin fuskar jitar.

Buhun taki a kan katako mai kaurin ashana

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Idan a ka ɗaura waya tsakanin ƙusa biyu a bango a ka tsinka ta da yatsa, da kyar na kusa zai ji. Siririya ce, yanka iska kawai ta ke yi, ba ta tura ta. Abin da ke ba ta murya shi ne faffaɗan abin da ta hau kai. A jita, tsirkiya ta na miƙa motsin ta ga jaki, ɗan katakon nan da a ka manna a fuskar akwatin, shi kuma ya girgiza fuskar baki ɗaya. Fuskar ce ke tura iska waje da ciki kamar zugazugin maƙeri, iskar cikin akwatin kuma ta na shiga da fita ta ramin nan na tsakiya, ta na ƙara wa sautin ƙasa kauri.

Don haka a ke so fuskar ta zama sirara, marar nauyi. A jitar hannu kaurin ta bai cika wuce milimita 3 ba, wato tsinken ashana da 'yar ɗoriya. Akasari da wani itace na ƙasashen sanyi a ke yin ta, sufurus, dangin wanda Turawa ke yi wa ado da Kirsimeti, saboda ba shi da nauyi kuma ba ya lanƙwasa da sauƙi.

A nan matsalar ta ke. Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida idan an ɗaure su daidai su na jan jakin da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye. Manomin Karfi ya san nauyin buhun taki, kilo 50 ne. To a ɗora masa kusan rabin wani, a rataya a jikin wannan siririn katako, dare da rana, shekara da shekaru. Idan an bar shi haka nan, zai kumbura a bayan jakin, ya lotsa a gaban sa, daga ƙarshe ya tsage. Idan kuma an ƙara masa kauri don ya jure, sai ya zama tebur, ba ya motsi, ba ya magana. Gaba kura, baya sayaki.

Magina sun daɗe da sanin irin wannan ciwon kai. Mai rufin soro ba ya zuba ƙasa a kan iska. Azara ya ke jerawa, kuma yadda ya jera ta shi ke nuna faɗin ɗakin da zai iya rufewa da nauyin da rufin zai ɗauka. Masu yin jita ma haka su ke. Su na manna wasu siraran sanduna na katako a bayan fuskar, daga ciki, inda ba a gani sai an zura madubi ta rami. Waɗannan su ne azarar jita. Bambancin ta da ta soro shi ne, magini so ya ke rufin sa ya tsaya cik, shi kuwa mai jita so ya ke nasa ya jure nauyi amma ya riƙa rawa. Inda a ka sa azara wurin ya yi tauri, inda a ka bari ya yi laushi. Tsarin taurin da laushin shi ke zaɓar sautin da zai fito da ƙarfi da wanda zai danne.

Tsani, mafici da ɗaurin guga

Mafi tsufa kuma mafi sauƙi shi ne jerin tsani. A na gitta sanduna huɗu ko biyar daga gefe zuwa gefe, ɗaya bayan ɗaya, kamar matakala. Bai da wahala, shi ya sa jitocin talakawa na Amurka a shekarun 1920 da 1930, irin su Stella, duk haka su ke. Muryar tsani busasshiya ce, mai kaifi, ta fito da sauri ta mutu da sauri. Ba ta da dogon amo, ba ta da kaurin ƙasa sosai. An daɗe a na raina ta, amma da irin ta baƙaƙen fatar kudancin Amurka su ka kafa kiɗan buluz. Lead Belly da Stella mai tsirkiya 12 ya yi suna. A Faransa ma, jitar Selmer da Django Reinhardt ya ke kaɗawa tsani ce a ciki. Illar ta ita ce, babu sandar da ke bin tsawon fuskar don tare jan tsirkiya, don haka da yawa daga cikin tsofaffin sun bankare.

Na biyu shi ne mafici. Wannan na Sifaniyawa ne, kuma sunan da ba a tsallakewa a nan shi ne Antonio de Torres, kafinta daga yankin Almeriya, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Ba shi ya ƙirƙiro mafici ba, amma shi ya daidaita shi: siraran sanduna bakwai su taso daga wajen rami su bazu zuwa gindin jitar kamar haƙarƙarin maficin kaba. Ya faɗaɗa akwatin, ya rage kaurin fuskar. Don ya nuna wa masu gardama cewa fuskar ce ke magana, a 1862 sai ya yi wata jita da fuskar katako mai kyau, amma bayan ta da gefunan ta na kwali. Ta yi sauti, kuma har yanzu ta na ajiye a gidan tarihin kiɗa na birnin Basalona. Mafici ya na bin tsawon itacen ne, ya bar fuskar ta na lilo gefe da gefe, sai murya ta fito zagayayya, mai ɗumi, kowace tsirkiya a na jin ta daban. Amma na tsirkiya mai laushi ne, ta hanjin dabba a da, ta roba a yanzu, wadda jan ta bai wuce kilo 40 ba. Duk wanda ya ɗaura wa jitar mafici tsirkiyar ƙarfe ya kashe ta da hannun sa. Wannan kuskure kuwa a na yin sa, domin mai shago ba ya tambaya, tsirkiyar da ke gare shi ita zai miƙo.

Na uku shi ne wanda ya ci duniya. Christian Frederick Martin Bajamushe ne da ya sauka Niyu Yok a 1833, ya koma wani ƙaramin gari mai suna Nazareth a jihar Fensilbaniya a 1839, inda kamfanin sa ya ke har yau. A shekarun 1840 jitocin sa su ka fara fitowa da manyan sanduna biyu da su ka gitta juna kamar harafin X, mahaɗar su na ƙasa kaɗan da rami, ƙafafun su na ratsawa ƙarƙashin kunnuwan jaki. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan siffa. Ita ce ta ɗaurin guga, inda bakan gizo biyu ke gitta juna su ɗauki rufin soro. Abin sha'awa, kusan a lokaci guda ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarim, da bakan gizon da magina su ka daɗe su na zuwa kallo. Babu wanda ya san da ɗan'uwan sa, amma tambayar da ke gaban su ɗaya ce: yaya za a rufe wuri mai faɗi ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba?

Lokacin da Martin ya fara ɗaurin guga, tsirkiyar hanji a ke amfani da ita, ƙarfin sa ma ya fi ƙarfin buƙata. Sai a shekarun 1920, da tsirkiyar ƙarfe ta zama yayi, a ka ga amfanin sa. Ya na tare ja ta tsawo da ta faɗi a lokaci guda, sannan ya bar fili a bayan jaki inda fuskar ke rawa. Muryar sa cikakkiya ce, ƙasa da kauri, sama da haske, ga dogon amo. Yawancin jitocin ƙarfe da ke shagunan Kano da Kaduna, ko na Sin ne ko na Indunusiya, kwaikwayon wannan tsari ne.

Abin da aska ke cirewa

To idan kowa ɗaurin guga ya ke yi, me ya sa wata jitar ta fi wata? Amsar ta na bakin kurfi. Bayan an manna sandunan, mai yin jita na hannu ba ya barin su yadda su ke. Ya kan riƙe fuskar da yatsu biyu kusa da kunnen sa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya fere sandar kaɗan, ya sake ƙwanƙwasawa. Kamar dai mace a kasuwa ta na gwada tukunyar ƙasa ko ƙwarya kafin ta biya. Idan ya ji "ƙwas" a taƙaice, da sauran aiki. Idan ta fara amsawa da amo kamar ganga, ya kusa. Idan ya zarce, ya yi asara, don abin da a ka fere ba ya komawa. Wasu na ƙarawa da wata dabara ta wani masani Bajamushe, Ernst Chladni, wanda ya wallafa ta a 1787: a barbaɗa gari ko ganyen shayi a kan fuskar, a girgiza ta da sauti, sai garin ya gudu daga inda ke rawa ya taru inda ke tsaye, ya zana taswirar motsin.

Tarihin kamfanin Martin kan sa ya nuna yadda abu kaɗan ke juya murya. A shekarun 1930 su na fere tsakiyar sandunan su yi kwari, su bar tudu nan da can, kuma mahaɗar ta na kusa da rami. Wannan ya ba fuskar 'yanci, ƙasan ya na ruri, taɓawa kaɗan ta amsa. A wannan zamani ne, a 1933, su ka yi wa Gene Autry, jarumin finafinan kaboyi mai waƙa, jita ta farko samfurin D-45. Guda 91 kacal a ka yi daga lokacin zuwa 1942, kuma a yau su na cikin jitoci mafi tsada a duniya. Amma makaɗa na ɗaura tsirkiya mai kauri don su yi ƙara, jitoci na ta dawowa gyara. A 1938 sai kamfanin ya matsar da mahaɗar baya zuwa wajen jaki. A 1944 ya daina fere sandunan. Jitocin su ka yi ƙarƙo, muryar ta tattaru wuri ɗaya, amma rurin ya ragu. Makaɗa su ka yi ta ƙorafi su na farautar tsofaffin, har a 1976 kamfanin ya dawo da ferewa a samfurin HD-28. Matsin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba da ɗan abin da aska ta cire, su ne a ka shekara fiye da 30 a na muhawara a kai.

Ba a daina gwaji ba. A Ostareliya, Greg Smallman ya yi fuska siririya ƙwarai ya tallafe ta da saƙar raga ta itace marar nauyi da zaren kabon, kuma shahararren makaɗi John Williams ya rungume ta tun shekarun 1980. Ta na da ƙara sosai, ko da ya ke wasu na cewa zaƙin ta bai kai na mafici ba. A 2018 kamfanin Taylor ya fito da tsari mai siffar harafin V.

Mai garaya ya riga su sani

Wani zai ce duk wannan zancen Turawa ne, ina ruwan Karfi? Ai kuwa da ruwan ta. Ƙasar Malumfashi da Funtuwa ƙasar kiɗa ce. A Funtuwa Alhaji Mamman Shata ya zauna har ƙarshen rayuwar sa a 1999, kuma ban da kalangun sa, yankin ya san garaya ta mafarauta da 'yan bori, ya san molo, ya san goge.

A dubi garaya da kyau. Akwatin ta itace ne da a ka fafe, an rufe da fatar gada ko ta akuya. Fatar ita ce fuskar. Sandar wuya ba ta tsaya a bakin akwatin ba, ta na shigewa ƙarƙashin fatar, an saƙa ta ta wasu 'yan tsagogi, har ta ɓullo wajen ramin da ke kusa da gindi, inda a ke ɗaure tsirkiya. Wannan sanda ita ce azarar garaya. Ita ke ɗaukar jan tsirkiya, ita ke tokare fatar daga ciki, kuma ta raba ta biyu, dama da hagu. Idan ta yi kauri ta danne fatar, garayar ta shaƙe. Idan ta yi sirara ta lanƙwasa, tsirkiya ta saki. Mai sassaƙa ba ya aunawa da ma'auni, da hannu da kunne ya ke yi, daidai da mutumin Almeriya. Goge da kukuma kuwa ƙwarya ce da fatar guza, jakin na tsaye a kan fatar, kuma mai goge ya san idan ya matsar da shi kaɗan zuwa gefe ko tsakiya muryar ta canza. Waɗanda su ka saurari kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam ba sa ruɗa su. Gurmin Haruna Uji ma da an taɓa shi an san shi ne.

Babban misali shi ne kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya. Da shi ya zagaya duniya. Torres ya yi akwatin kwali don ya nuna fuska ce ke magana, kuntigi kuwa kullum abin da ya ke nunawa ke nan da gwangwani.

A nan akwai abin da ya kamata masu kiɗan fim su duba. Muryar garaya da gurmi gajeriya ce, mai duka, ta na faɗuwa tare da kalangu ba ta ja masa doguwar jela ba. A cikin tsarin jita ukun nan, wanda ya fi kama da ita shi ne tsani, wanda a ka fi rainawa. Babbar jitar ɗaurin guga mai dogon amo an yi ta ne don kiɗan da a ke share tsirkiya shida gaba ɗaya. Idan a ka sa ta cikin kiɗan Hausa mai sauri, amon baya na hawa kan na gaba, abin ya cakuɗe. Ƙaramar jita mai busasshiyar murya ta fi zama lafiya da kalangu. Tsada ba ita ce dacewa ba.

Cewa jita ba ta shiga kiɗan wannan yanki ma ba gaskiya ba ne. Mdou Moctar, Buzun Nijar, jitar sa ta farko da kan sa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kundin waƙoƙin sa na farko, 'Anar', a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar da a ke yi wa waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin su ka bazu a Sahara. A 2015 ya fito a matsayin jarumi a fim ɗin 'Akounak Tedalat Taha Tazoughai' da a ka ɗauka a Agadas da harshen Buzaye. A wannan fim ɗin, jarumin da ke riƙe da jita shi ne makaɗin ta.

Hunturu ba ya raga wa katako

Ga kafintan da ke sha'awar gwadawa, itacen baya da gefuna ba matsala ba ne. Maɗaci ɗan'uwan itacen da kamfanonin waje ke saye daga Afirka ta Yamma ne su na yin bayan jita da wuyan ta. Kanya dangin baƙin itacen nan ne da a ke shimfiɗawa inda yatsu ke dannawa. Madobiya ma ta na da amo, sai dai an yi ma ta sarar wuce hankali a na kaiwa Sin, har a 2017 a ka sa ta cikin itatuwan da a ka taƙaita cinikin su tsakanin ƙasashe. Abin da ke wuya shi ne itacen fuska, marar nauyi mai tauri, wanda ba ya fitowa a wannan ƙasa. Shi dole a nemo ko a yi ta gwaji da na gida.

Babban abokin gaba kuwa shi ne yanayi. Masu yin jita na haɗa ta ne a ɗakin da damshin iska ke wajen kashi 45 cikin 100. A kudancin Katsina, cikin watan Agusta damshin kan haura kashi 80, da hunturu kuma ya faɗo ƙasa da kashi 20. Katako na kumbura ya na tsukewa ta faɗin sa, amma kusan ba ya motsi ta tsawon sa. To ga fuska na son tsukewa, ga azara an manna ta a gicciye ta ce ba inda za ki. Ɗaya daga biyu zai faru: ko fuskar ta tsage daga jaki zuwa gindi, ko gam ya saki azarar ta ɓalle. Mai garaya ya fi sa'a. Da damina ya kara fatar a wuta ko ya shanya ta a rana ta ɗame, da hunturu ya shafa ma ta ruwa. Mai jita ba shi da wannan damar.

Abin mamaki, jita mai arha da a ka yi fuskar ta da filawud, katakon nan mai hawa-hawa da kafintoci ke rufe bayan kabad da shi, ta fi jure wannan wahala, domin kowane hawa ya gitta na ƙarƙashin sa ya riƙe shi. Sai dai muryar ta a daƙushe ta ke, kuma a masana'anta a kan cika ma ta azara mai kauri don kada a dawo da ita. Idan furodusa jitar rungumewa ya ke nema, wannan ta ishe shi. Idan kuwa makirfo za a kafa a gaban ta, abin da ke ciki shi za a ji.

Saurayin da ya sayar da buhunan masarar sa ya nufi Kano sayen jita, musamman ta gwanjo, ya tafi da ƙaramin madubi da tocilan. Ya sassauta tsirkiya, ya zura madubin ta rami ya ga ko tsani ne, ko mafici, ko ɗaurin guga, don ya san irin tsirkiyar da za ta ɗauka. Ya duba bakin ramin: idan layin itacen ya ratsa daga sama har ƙasa, katako ne guda, idan ya ga hawa-hawa, filawud ne. Ya ƙwanƙwasa fuskar a hankali da bayan yatsa wuri-wuri. Inda ya ji "kar-kar" kamar fasasshiyar ƙwarya, azara ta saki a nan. Ya kwantar da ido a bayan jaki, ɗan tudu kaɗan ba laifi ba ne, amma idan jakin ya fara ɗagowa har takarda na shiga ƙarƙashin sa, ya ajiye ta ya nemi wata.

Idan ya kawo ta gida, kada ta kwana a jingine da bango a ɗakin kwano, kada ta yini a cikin mota a rufe, don zafi na narka gam. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa cikin Nuwamba, ta koma cikin akwatin ta, a sa jiƙaƙƙen soso da a ka matse a cikin 'yar robar sabulu mai huji a ajiye kusa da wuyan ta, a riƙa sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku har ruwan farko ya sauka.